Ƙaramin Kamfani da Manyan Kamfanoni: Tambayoyi da Amsoshi kan Neman Masu Rubuta Manhaja a Damagaram

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawan fitowa idan aka zauna da masu ƙananan kamfanonin fasaha a Damagaram, ko ɗan kasuwar da ke son a yi masa manhajar lissafin shago, ko matashin da ya gama karatun anformatik yana shawarar ya zauna gida ko ya kama hanyar Yamai. Inda magana take da faɗi na tsawaita, inda layi biyu suka isa na taƙaita.

Wai da gaske Google da Microsoft ne ke ƙwace mana ma'aikata? Ai ko ofis ba su da shi a Nijar.

Ba su da shi, amma jan nasu yana isowa nan ta hannun wasu. A 2019 kamfanin Google ya buɗe cibiyar bincike a Akara, Microsoft ma ya buɗe nasa a Nairobi da Legas a wannan shekarar. Idan irinsu suka kwashi gwanayen Legas, kamfanonin Legas sai su juya su nemi na Abuja da Kano da Kwatano. Idan na Faransa da Kanada suka kwashi na Dakar da Abijan, gurbin da aka bari ɗan Yamai ne zai cike shi. Shi kuma wanda ya bar Yamai, kujerarsa ɗan Damagaram ko Maraɗi ko Tawa take jira. Kai da ke ƙarshen layi, kai ake bari da kujera babu kowa.

Saboda haka abokan hamayyarka na kusa ka san su da suna: Airtel, Moov Africa, Zamani, Niger Telecom, bankuna, kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Al Izza da Amana, ƙungiyoyin agaji da furojojinsu, ma'aikatun gwamnati, sai matatar mai ta SORAZ da ke nan arewa da gari. Akwai kuma abokin hamayyar da ba a gani, wato aikin nesa. Tun lokacin korona a 2020 kamfanonin waje suka saba da ɗaukar mutum yana zaune a ɗakinsa. Yau yaro yana iya kwana a Garin Malam, aikinsa kuma yana Turai.

Sannan mutanen ba su da yawa. Rahoton da Google da hukumar IFC ta rukunin Bankin Duniya suka fitar a 2020 ya ƙiyasta masu rubuta manhaja a Afirka duka sun kusa 700,000, fiye da rabinsu a ƙasashe biyar: Masar, Kenya, Maroko, Najeriya da Afirka ta Kudu. Abin da ya rage shi ne sauran ƙasashen suke rabawa, har da mu.

Me ya sa suke biyan waɗannan maƙudan kuɗi? Rubutu ne fa a kwamfuta.

Domin manhaja sau ɗaya ake rubuta ta, amma mutum miliyan na iya amfani da ita ba tare da an sake kashe wani abin kirki ba. Lokacin da Facebook ya sayi WhatsApp a 2014 kan dalar Amurka biliyan 19, ma'aikatan WhatsApp 55 ne, masu amfani da shi kuwa sun kai miliyan 450. Instagram da aka saya a 2012 kan dalar Amurka biliyan 1, ma'aikatansa 13 ne. Wanda ya yi wannan lissafi ya san gwani ɗaya na iya jawo masa abin da ya ninka albashinsa sau da yawa.

Su kansu manyan suna jin zafin gasar. A 2015 Apple da Google da Intel da Adobe sun amince su biya dalar Amurka miliyan 415 ga ma'aikatan da suka kai su kotu kan zargin sun haɗa baki a ɓoye kada ɗaya ya ɗauki ma'aikacin ɗaya, abin da ke danne albashi. Idan masu wannan dukiya sun kai ga haka, kada ka ga laifin kanka don ka rasa mutum ɗaya.

Zan iya yin gasa da su a albashi?

A'a. Gara ka cire wannan daga ranka tun yanzu, ka huta. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, kuma farashin a ɗaure yake. Kamfanin Turai da ya ba yaronka yuro 1,000 a wata bai ma kai mafi ƙarancin albashin Faransa ba, amma a hannun yaron kuɗin ya kusa jika 656. Mafi ƙarancin albashi a Nijar tun Janairun 2024 jika 42 ne. Ka ga ratar ta haura ninki 15, alhali su a wurinsu araha suka samu.

To amma rashin iya gasa bai ba ka lasisin biyan abin da ba ya ciyar da gida ba. Akwai wani mataki da idan albashi ya kai shi, mutum yakan daina kwana da tunanin kuɗin haya da na asibiti da na lakkwal ɗin yara, hankalinsa ya koma kan aiki. Wannan matakin shi za ka nema, kuma hanyar saninsa ita ce ka zauna da mutum ka tambaye shi nauyin da ke kansa. Ƙasa da wannan mataki babu daɗin bakin da zai riƙe shi. Sama da shi kuwa, wasu abubuwa suna fara yin nauyi a ma'auni.

Abin da ya fi yawan kuɗin muhimmanci, a ganina, shi ne ranar biya. Ma'aikata da yawa da suka bar ƙananan kamfanoni ba ƙarancin albashi ne ya kore su ba, rashin sanin ranar da zai zo ne. Yau a ce abokin ciniki bai biya ba, gobe a ce a yi haƙuri sai bayan Sallah. Mutum yana iya tsara rayuwarsa a kan kuɗi kaɗan masu zuwa ranar 28 ga kowane wata, amma ba ya iya tsara ta a kan kuɗi masu yawa da ba a san ranarsu ba. Kafin ka ɗauki kowa, ka ajiye albashinsa na wata uku a gefe, kada ka taɓa. Idan mafi yawan cinikinka da ma'aikatu ne, inda takardar biya ke daɗewa a hanya, ka mai da shi wata shida. Kuma idan wata ya yi tsanani, kai ne za ka fara haƙura da naka rabon. Ma'aikacin da ya ga maigida ya sauya mota alhali ana bin sa albashin wata biyu, zuciyarsa ta riga ta tafi ko da ƙafarsa tana nan.

Azumi da Sallar Layya ma ka sa su cikin lissafin shekara tun farko. Ɗan abin da aka ƙara wa mutum a lokacin da kowa ke neman kuɗin rago yana daɗewa a zuciya.

To mene ne nake da shi wanda su ba su da shi?

Na farko, aikin gaba ɗaya. A babban kamfani sabon ma'aikaci yakan shekara yana gyaran wani ɗan lungu na manhajar da mutum dubu suka gina, bai taɓa ganin mai amfani da ita ba. A wurinka shi zai je Kasuwar Dole ya zauna da mai shago ya ga yadda yake rubuta bashi a littafi, shi zai tsara rumbun bayanan, shi zai rubuta kod ɗin (wato jerin umarnin da manhaja ke aiki da su), shi zai ɗora shi, kuma shi za a kira idan ya tsaya. Shekara biyu a haka tana koyar da abin da shekara biyar a lungu ɗaya ba ta koyarwa. Gwanaye sun san haka, kuma da yawansu abin da ke jan su ke nan. Sai dai sharaɗin shi ne ka sakar masa aikin da gaske. Idan har launin maɓalli sai ya jira ka dawo daga tafiya, ka kashe wannan fifikon da hannunka.

Na biyu, gida. Tsakanin Damagaram da Yamai kusan kilomita 900 ne, tafiyar yini guda a mota. Akwai wanda mahaifiyarsa ta tsufa, akwai wanda shi ne babba a gidansu, akwai mai iyali da ba ya son yaransa su tashi a ɗakin haya. Kuɗin haya da na zirga-zirga a Yamai suna cinye wani kaso na wancan babban albashin. Ka taimaka masa ya yi wannan lissafin da gaskiya, kada ka yi masa ƙari.

Na uku, matsalar da ya sani da idonsa. Manhajar da za ta yi aiki a Mirya ko Magariya ko Tanut dole ta jure yankewar intanet, ta zauna a ƙaramar waya mai araha, ta yi magana da murya domin wanda bai yi boko ba. Wanda ke zaune a Amurka ba ya kwana da wannan tunani. Tun da kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa, buƙatar kayan aiki da ke jin Hausa sai ƙaruwa za ta yi, kuma wanda ya tashi da harshen a bakinsa shi ya fi cancanta ya gina su. Akwai matasa da wannan ke motsa su fiye da yadda masu kamfani suke zato.

Sannan maganar cewa babban kamfani shi ne kwanciyar hankali ta yi rauni. A Nuwamban 2022 Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, ya sallami mutum 11,000, Twitter kuma ya sallami kusan rabin ma'aikatansa, har da kusan duk na ofishinsa na Akara. A Janairun 2023 Google ya sanar da sallamar 12,000, Microsoft 10,000, Amazon 18,000. A 2024 Microsoft ya rufe cibiyarsa ta Legas. Da yawa saƙon imel kawai suka tarar da safe. A wurinka mutum ya san fuskar wanda zai yanke hukunci a kansa, ya san gidansu, kuma idan ka zama mai faɗa masa halin da asusu ke ciki, babu abin da zai zo masa ba zato.

Na ji ana ba ma'aikata hannun jari a madadin babban albashi. Yana aiki a nan?

Wannan ita ce babbar dabarar ƙananan kamfanoni a Amurka. Ana ba ma'aikaci alkawarin wani kaso na kamfani, amma ba ya mallakarsa a lokaci ɗaya. Yadda aka fi yi shi ne a raba shi a kan shekara huɗu: wanda ya tafi kafin ya cika shekara ɗaya ba ya samun komai, wanda ya cika ta ya mallaki kashi ɗaya cikin huɗu, sauran kuma yana shigowa wata-wata. Idan aka sayar da kamfanin, kowa ya samu rabonsa. Ya taɓa faruwa kusa da mu: a 2020 kamfanin Stripe na Amurka ya sayi Paystack, kamfanin biyan kuɗi ta intanet na Legas, wanda Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa, kan fiye da dalar Amurka miliyan 200.

Amma gaskiya ita ce irin wannan ciniki ba ya yawa, kuma a ƙasarmu babu kasuwar da mai kashi biyu cikin ɗari na ƙaramin kamfani zai kai rabonsa ya sayar. Kasuwar hannun jari ta yankinmu tana Abijan, manya ne a cikinta. Don haka idan ka ce wa yaro ya karɓi rabin albashi domin ka ba shi kaso, ka sani takarda ka ba shi wadda mai gidan haya ba ya karɓa.

Abin da na ga ya fi dacewa da mu yana da asali a kasuwancinmu. Kowa ya san yadda ubangida ke riƙe yaron shago shekaru, idan lokaci ya yi ya sallame shi da jari ya kafa nasa. Abin da ke sa yaro ya jure shi ne ya ga an sallami na gabansa. Haka ma a nan: alkawari yana da daraja ne gwargwadon abin da aka ga ka cika. Ka fara da rabon riba a kan kowane aiki. Ka ce idan abokin ciniki ya biya kuɗin wannan manhaja, kashi kaza na ribar na waɗanda suka rubuta ta ne, ka rubuta, ka kuma biya a makon da kuɗin suka shigo. Mutum ɗaya ko biyu da kamfanin ba ya tsayuwa sai da su, su ne za ka shigar cikin mallaka ta gaske. A ƙarƙashin dokokin kasuwanci na OHADA da Nijar ke bi tare da wasu ƙasashen Afirka, tun 2014 akwai nau'in kamfani da ake kira SAS, wanda ya fi SARL, nau'in da aka saba da shi, sauƙin tsara irin waɗannan sharuɗɗa. Ku je wurin notar a rubuta komai, har da abin da zai faru da kason mutum idan ya tafi ko ya rasu. Maganar baka tsakanin abokai ita ce ke raba zumunci ranar da kuɗi suka shigo.

A ina zan same su?

Kada ka jira su gama karatu. Jami'ar André Salifou tana nan cikin gari, ga ta Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, ga ta Abdou Moumouni da makarantar EMIG a Yamai, kuma a cikinsu akwai ƴan Damagaram da ke neman wurin sitaj. Ka karɓe su, ka ba su aikin gaske, ka ba su kuɗin kabu-kabu da na abinci. Wanda ya yi wata uku a wurinka kun riga kun san juna. Akwai kuma waɗanda suka yi karatu a Kano ko Zariya suka dawo, suna da Ingilishi, wanda a wannan sana'a babban jari ne domin yawancin littattafan koyo da shi aka rubuta su.

Kada ka raina wanda ya koya da kansa. Wani yana gyaran waya a kasuwa, da dare yana bin darussa a YouTube. Cibiyar CIPMEN da aka buɗe a Yamai a 2014 domin renon ƙananan kamfanoni ma wuri ne na sanin mutane. Amma hanya mafi albarka ita ce bakin ma'aikacinka. Gwani ya san gwani, kuma a fada wurin shayi ake faɗin wane maigida ke biya, wane ke ja.

Ni ɗan kasuwa ne, ban san kod ba. Ta yaya zan gane gwani?

Alhaji, takardar digiri tana nuna mutum ya zauna a aji, ba ta nuna ya iya gini. Ka ce ya nuna maka abin da ya taɓa yi yana aiki a waya ko a kwamfuta. Ka tambaye shi wane abu ne ya taɓa lalace masa, yaya ya gano, yaya ya gyara. Wanda ya ce bai taɓa samun matsala ba, bai yi aiki mai yawa ba. Ka lura ko yana iya yi maka bayani da Hausar da za ka gane, domin wanda ya fahimci abu yana iya sauƙaƙa shi. Ka lura kuma ko yana yi maka tambayoyi game da kasuwancinka kafin ya faɗi farashi.

Daga nan ka ba shi ƙaramin aiki na mako ɗaya, ka biya shi. Ka nemi wani gwani da ka amince da shi, ko yana Yamai, ya duba aikin, shi ma ka biya shi. Idan ya yi maka, ka yanke shawara cikin kwana biyu ko uku. Manyan kamfanoni sukan ɗauki makonni suna yi wa mutum jarrabawa hawa-hawa. Saurinka yana cikin ƴan abubuwan da ka fi su.

Idan na koyar da yaro, ya iya, sai ya tafi. Ba asara na yi ba?

Zai iya tafiya, kuma da yawa za su tafi. Ka shiga da wannan sanin. Amma ka duba labarin kamfanin Andela. An kafa shi a Legas a 2014 domin ya ɗauki matasa, ya koyar da su yana biyan su, sannan ya haɗa su da kamfanonin waje. A 2016 gidauniyar Mark Zuckerberg da matarsa ta jagoranci zuba masa dalar Amurka miliyan 24. Amma a Satumban 2019 ya sallami sababbin hannu fiye da 400, domin kasuwar waje ƙwararru take nema. Ma'anar wannan a gare ka ita ce manyan ba sa son wahalar shekarun farko. Suna jira wani ya yi renon, su zo su ɗauka. Waɗannan shekaru biyu ko uku na farko su ne rabonka, kuma a cikinsu mutum yana iya yi maka aikin da ya ninka abin da ka kashe a kansa.

Sai dai reno ba ya yiwuwa sai da mai reno. Kamfanin da ya tara sababbin hannu biyar babu ƙwararre ko ɗaya, kod ɗin da za su rubuta bayan shekara babu mai iya taɓa shi, su ma kansu ba za su ci gaba ba. Idan kuɗinka na mutum uku ne, gara ka ɗauki ƙwararre ɗaya da albashin biyu, da sabon hannu ɗaya. Idan ba ka iya ɗaukar ƙwararre cikakke, ka nemi ɗan gari da ke aiki a Yamai ko a waje ya riƙa duba aikin yaran awa kaɗan a mako, da lada. Da yawansu suna son su yi wa gida wani abu, hanya ce ba su samu ba.

Ban goyi bayan riƙe takardun karatun mutum ko sa shi rantsuwa ba. Idan ka biya masa wani horo mai tsada, ku rubuta cewa idan ya tafi kafin lokaci kaza zai mayar da wani kaso. Wannan adalci ne. Abin da ya wuce haka ɗauri ne, kuma labarinsa zai riga ka isa wurin wanda kake son ɗauka gobe.

Kuran da intanet fa?

Wannan matsala ce, amma a cikinta akwai dama. Kowa yana tuna Agustan 2023 da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, kuma ko babu wannan, watannin zafi na Afrilu da Mayu sun saba zuwa da ɗauke kuran. Mai rubuta manhaja da kwamfutarsa ta mutu a tsakiyar aiki ya yi asarar yini. Ofishin da ke da faifan hasken rana da batura, da intanet mai ƙarfi, da ɗaki mai sanyi, da ruwan sha a garin da ruwa ke wahala, ya ba ma'aikaci abin da ba ya iya yi wa kansa a gida. Tun 2025 Starlink, mai ba da intanet ta tauraron ɗan'adam, yana aiki a Nijar bisa izini, abin da ya rage ratar da ke tsakaninmu da Yamai. Ka haɗa shi da layin ɗaya daga kamfanonin waya domin ranar da ɗaya ya tsaya. Kuma ka saya wa mutum kwamfuta mai kyau. Kada ka ɗauke shi aiki ka ce ya zo da tasa.

Na gano ma'aikacina yana yi wa wasu aiki da dare. In hana shi?

Idan ka hana, zai ci gaba a ɓoye, ko ya bar ka. Tun da ba ka iya biyan abin da waje ke biya, barin sa ya ƙara da aikin gefe yana cikin abin da ke riƙe shi a wurinka. Ku yi sharaɗi uku a fili: ba a lokacin aikinka ba, ba da kod ɗinka ko bayanan abokan cinikinka ba, kuma ba wa mai gasa da kai ba. Idan ya fara zuwa da safe yana gyangyaɗi, aiki yana ja baya, sai ku zauna.

Dole ne sai na yi kwantaragi da rajistar CNSS? Mu uku ne kacal.

Dole ne, kuma amfaninka ne. Dokar ƙwadago ta 2012 ta shafi ƙarami da babba, makon aiki awa 40 ne, ma'aikaci yana da haƙƙin hutu da rajista a asusun CNSS na inshora da fanshon ma'aikata. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke kai matasa banki ko kamfanin waya shi ne takardar albashi da za su iya nunawa, da sanin ana tara musu na tsufa. Idan ka ba su wannan, ka toshe wata babbar ƙofa. A cikin kwantaragin ka rubuta ƙarara cewa kod ɗin da aka rubuta a bakin aiki mallakar kamfani ne. Maganar awa 40 kuma ka ɗauke ta da gaske. Kwana a ofis saboda aikin gaggawa yana faruwa, amma idan ya zama kullum, rashin tsari ne daga sama.

Yayana ya ce in ɗauki ɗansa, ya yi karatun kwamfuta.

Ka ba shi gwajin da kake ba kowa. Idan ya ci, madalla. Idan bai ci ba, ka taimaka masa ta wata hanya, ko ka karɓe shi sitaj ya koya. Ranar da gwaninka ya ga an ɗora masa wanda bai iya ba saboda jini, ranar zai fara aika takardunsa waje.

Mata fa? Ba mu cika ganinsu suna nema ba.

Suna nan, suna gama jami'a, kuma da yawansu iyaye ko miji ba za su so su koma wani gari su kaɗai ba. Wato kamfanin da ke cikin Damagaram yana da damar da na Yamai ba shi da ita. Abin da ake bukata shi ne wurin aiki mai mutunci, tashi kafin magariba, damar yin wani aikin daga gida, hutun haihuwa ba tare da tsoron rasa kujera ba, da albashi daidai da na namijin da ke aiki irin nata. Idan ya kama ka je ka gaida mahaifinta ka yi masa bayanin aikin, ka je.

Yanzu da ChatGPT ke rubuta kod, ina bukatar mutum kuwa?

Kana bukata. Tun fitowar GitHub Copilot a 2021 da ChatGPT a Nuwamban 2022, wasu ayyukan rubuta kod sun ƙara sauri, kuma wannan ya fi amfanar ƙarami. Ka biya wa ma'aikatanka kuɗin waɗannan kayan aiki. Amma na'urar tana yin kuskure, kuma takan kawo shi a tsare kamar daidai ne. Sai wanda ya san aikin ne zai gane. Ba ta san yadda dillalin dabbobi ke lissafin la'adarsa ba, ba za ta je ta zauna da shi ba, kuma ranar da kuɗin mutane suka ɓace a manhajarka ba ita za a kira ba. Abin da nake jin tsoro shi ne sabon hannu ya saba kwafa ba tare da ya fahimta ba. Ka sa doka: duk kod ɗin da mutum ya shigar, sai ya iya bayanin kowane layi.

Ni ne mai neman aikin. Ƙaramin kamfani a gida ya kira ni, babba a Yamai ma ya kira ni. Wanne zan ɗauka?

Ƙanena, idan akwai bashi a kanka ko mara lafiya a gida da kuɗin magani ke jira, ka ɗauki mai yawan albashi, babu abin kunya a ciki. Idan kana da sararin shekara biyu, ka yi wa ƙaramin tambayoyi kafin ka amsa. Wa zai duba aikina ya gyara mini? Su wa ke biyan kamfanin kuɗi yanzu? An taɓa jinkirta albashi? Ka nemi wanda ya taɓa aiki a wurin ya bari, ka ji daga bakinsa. Idan akwai ƙwararren da za ka koya a hannunsa, kuma ana biya a kan lokaci, ƙaramin zai fi gina ka. Idan kai kaɗai ne za ka zama ɗan anformatik a wurin, kana gyaran firinta da safe kana rubuta manhaja da yamma, ka yi tunani sosai. Duk inda ka je, ka dage da Ingilishi, ka kuma riƙa ajiye ayyukanka na kanka a shafin GitHub na ajiye kod inda za a iya gani.

Gwanina ya ce zai tafi. In ƙara masa albashi?

Ka fara tambayarsa dalili, ka saurara har ya gama. Idan kuɗi ne kawai kuma ratar kaɗan ce, ka ƙara, amma ka duba na sauran a lokaci guda, domin za su ji, kuma za su koyi cewa sai an yi barazanar tafiya ake samun ƙari. Idan ratar ninki uku ce, kada ka karya kamfani a kan mutum ɗaya. Ka yi masa fatan alheri, ka biya shi haƙƙinsa cif, ka rubuta masa takardar shaida mai kyau. Wanda aka rabu da shi lafiya shi ne gobe zai turo maka aiki daga inda ya je, ko ya duba kod ɗin yaranka ranar Asabar, wani ma yakan dawo da ƙwarewar da ba ka iya saya ba.

Kafin ranar tafiyarsa ku yi wata guda na miƙa aiki. Ya zauna da wanda zai gaje shi su bi manhajar sashe-sashe, ya rubuta yadda ake ɗora ta da yadda ake dawo da bayanai idan sun ɓace, a kuma gwada a gabansa. Ka tabbata kod ɗin yana cikin asusun kamfani, sunan shafinku na intanet da asusun Play Store da lambar wayar da ke karɓar saƙon tabbatarwa duk da sunan kamfani suke, ba da nasa ba. Ranar da ya tafi a sauya kalmomin sirri gaba ɗaya, kuma ka faɗa masa tun farko cewa haka ake yi wa kowa.